Martani: Ba Shekarun Keke Ke Ɗaukar Kaya Ba

Sau biyu na karanta maƙalar Malam a kan kekunan doguwar tafiya, karo na farko don daɗin Hausarsa, na biyu da fensir a hannu. Abin da ya tsaya a kai shi ne an gama ƙera keken tafiya tun zamanin kakanni, duk abin da kamfanoni suka zo da shi daga baya, tun daga sandar sama mai gangare har zuwa birkin faifai, wayon raba mutum da kuɗinsa ne. Ya yabi siririn bututun ƙarfe da lanƙwasasshen fok, ya ce su ne ke shanye gargadar hanya. Ya ce tsohon firam ko a ƙauyen ƙayau ya karye mai walda zai ɗinke shi. Ya rufe da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Malam ya girme ni, ya kuma riga ni hawa keke, saboda haka ba zan musa masa abin da ya ji a jikinsa ba. A kan awo zan yi gardama, domin firam abu ne da ake ɗora wa tef a auna, kuma tef ba ya jin kunyar furfura.

Tambayata ta farko ita ce: wane tsohon keken? Malam ya yi magana kamar abu ɗaya ne, alhali a cikin misalansa kaɗai na ƙirga kekuna iri huɗu waɗanda ba su yarda da juna ba.

Wanda ya fi ambato, da shauƙi kuwa, shi ne Raleigh ɗin mahaifinsa mai birkin sanda da taya inci 28. Wa zai ƙi wannan keke? A kansa aka kai amare gari, a kansa malaman makaranta suka zaga ƙauyuka, har a Kano an taɓa harhaɗa shi, kuma jikokinsa irin su Phoenix na Sin da Hero na Indiya suna nan suna dakon itace da jarkokin ruwa. Amma ƙirarsa ta keken gari da kasuwa ce. Wuyansa a kwance yake, tsakanin digiri 66 da 68, tazarar ƙafafunsa ta haura santimita 110, nauyinsa kilo 20 ko fiye, giyarsa guda ɗaya, in an yi sa'a uku. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, da buhun masara a kariya, ba a samu kamarsa ba. A ɗora shi a kan hawan dutse na kilomita goma a ga yadda mai shi zai sauka ya tura. Mutanen da suka kafa ƙungiyar masu yawon keke a Ingila a 1878, da 'ya'yansu da suka gaje ta, ba irin wannan suka riƙa nema ba da zarar sun samu mafi sauƙi. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu shi ne keken Faransawa na shekarun 1930 zuwa 1950, aikin maƙera irin su René Herse da Alex Singer a Levallois-Perret, a gefen Paris. A nan sai na ɗan dakata, domin a nan Malam ya yi tuntuɓe mafi girma. Ya ce yawan lanƙwasar fok ɗin waɗannan kekuna shi ke sa su miƙe sak a kan hanya ko an saki hannu. Lissafin akasin haka ya nuna. Idan ka ja layi ta cikin wuyan keke, wato bututun da kai yake juyawa a ciki, ka bi da shi har ƙasa, zai sauka a gaban inda tayar gaba ta taɓa ƙasa. Wannan 'yar ratar, bari in kira ta ratar sawu, ita ce ke sa taya ta riƙa bin bayan abin da ke juya ta, kamar yadda tayar kujerar ofis ko ta gadon asibiti take juyowa ta bi inda aka tura. In ratar ta yi yawa, kan keke yana son miƙewa da kansa idan ana gudu. To, lanƙwasa fok zuwa gaba tura taya yake yi wajen wancan layin, ya rage ratar. A keke mai wuyan digiri 73 da taya ta yau da kullum, fok mai lanƙwasar milimita 45 yana ba da rata wajen milimita 57. Ka ƙara lanƙwasar ta kai 65, ratar ta faɗo wajen 36. Faransawa da gangan suka rage ta, kuma dalilinsu kaya ne: a gaba suke ɗora jakarsu, bisa 'yar kariya da ke kan tayar gaba, inda hannu zai kai ga taswira da burodi ba tare da an tsaya ba. Nauyi a gaba da rata mai yawa kan sa kai ya riƙa faɗawa gefe in ana tafiya a hankali, musamman a hawa. Da suka rage ratar, nauyin jakar ya cike gurbin, keken ya daidaita. Ka cire jakar, ka labta kaya a baya, keken da ake yi wa kirari ya koma doki marar linzami.

Na uku keken Ingila ne, irin Dawes Galaxy da ya fito a 1971, wanda asalin al'adarsa jaka ce rataye a bayan sirdi, da kwana a masauki. Na huɗu kuma na Amurka da Japan ne, waɗanda suka yi tashe bayan 1976, shekarar da mutum fiye da 4,000 suka fito bikin cikar Amurka shekara 200 a kan keke, wasu 2,000 daga cikinsu suka ratsa ƙasar daga Oregon zuwa Virginia, tafiyar kilomita kusan 6,800. Waɗannan da tanti da tukunya suke tafiya, mafi yawan kayan a baya. Don su aka yi Trek 520 a 1983, da Miyata 1000, da Specialized Expedition. Ratar sawunsu galibi ta fi ta Faransawa, domin aikin da aka ba su daban ne.

Duk mai jaki ya san wannan ilmi ko bai taɓa ganin takardar awo ba. Mangala tana da wurin zamanta a gadon baya. In ta zame gaba ko ta koma kan kuturi, tafiyar dabbar canzawa take. Jakunkunan gefen keke mangala ce. Inda za ta zauna, da nauyinta, da irin hanyar da za a bi, su ne ke yanke kusurwar wuya da tsawon ƙafar baya. Shekarar ƙira ba ta cikin lissafin.

Abin da zai ba Malam mamaki shi ne, a wuraren da magabata suka dace, na yau ba su taɓa komai ba. Ɗauki ƙarafan nan biyu da suka tashi daga cibiyar feda zuwa aksul ɗin baya. A keken tsere tsawonsu bai fi santimita 41 ba. A keken tafiya ana tsawaita su don kada diddige ya riƙa dukan jaka a kowane zagaye, don kuma nauyin kaya ya zauna bisa aksul ko gabansa, kada ya rinjaya baya ya ɗage gaba. Trek 720 na tsakiyar shekarun 1980, wanda masu tara tsofaffin kekuna ke rububi, nasa santimita 47 ne. Surly Long Haul Trucker da ya fito a 2004, na zamanin da Malam ke kuka da shi, nasa 46. Cibiyar feda a ƙasa-ƙasa take a dukansu, don mahayi ya sa ƙafa a ƙasa ba tare da ɗage ba. Wuyan dukansu na kewayen digiri 71 zuwa 73. Ainihin siffar ma, kusurwa-uku biyu da suka jingina da juna, tana nan tun 'yan shekaru bayan John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a Coventry a 1885. Babu wanda ya rushe gidan. Ɗakunan da ke yoyo aka gyara, kuma Malam bai ambaci yoyon ba ko sau ɗaya.

Babban yoyon shi ne siririn bututun da ya fi yabo. A tsohuwar ƙa'ida sandar sama faɗinta milimita 25.4 ne, ta ƙasa 28.6. Na yau sukan kai 28.6 da 31.8. Milimita uku kamar ba komai ba ne, amma taurin bututu wajen lanƙwasa da murɗewa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗinsa, tsalle yake yi: in kaurin bango ɗaya ne, ƙarin nan na milimita uku yana ƙara wa sandar sama tauri da wajen kashi 40 cikin 100, ta ƙasa kuma da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kuma kada a ce ai ƙarfen da ya fi kyau. Reynolds 531, wanda kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi a 1935, ƙarfe ne mai daraja, amma darajarsa a ƙarfin jure karyewa take. Wajen tauri kuwa, shi da ƙarfen da ake ƙera ƙofar shago da shi kusan ɗaya suke. Abin da ƙarfinsa ya ba maƙera shi ne damar sirantar da bango don rage nauyi, bango mai sirantaka kuma ya fi lanƙwasa. Ga mahayi marar kaya wannan lanƙwasa daɗi ce, keken kamar yana amsa ƙafa. Ga mai kilo 25 a kariya magana ta canza.

Jiki magayi. Shekarun baya na sayi wani keken tafiya na gwanjo, ƙirar shekarun 1980, dogon firam, mahaɗansa da zane kamar aikin maƙerin azurfa. Na so shi kamar me. Na loda masa kaya a baya, da galan ɗin ruwa a sama, na taso daga Jos na nufi Akwanga. Lafiya ƙalau har na fara gangara Hawan Kibo. Da gudu ya ɗan yi gudu sai kan keken ya kama rawa, hagu da dama, da sauri kamar ana kaɗa shi da hannu, bayan kuma yana wutsil-wutsil ta ɗaya gefen. Na damƙe kai, rawar ta ƙaru. Allah Ya taimake ni na tuna abin da na taɓa ji, na matse sandar sama da gwiwoyina, na ɗan ɗaga daga sirdi, ta lafa. Da na tsaya a gefen hanya ƙafafuna ne suka karɓi rawar. Ga tirela tana saukowa a bayana, ga birkin roba ya gasa rim har ba ya taɓuwa. Ban ce kowane tsohon keke haka yake ba, kuma sabo ma yakan yi in an yi masa mugun lodi. Amma dogon firam mai siririn bututu da kaya a baya, shi ne gidan wannan cuta, kuma faɗaɗa bututu na cikin manyan magungunanta. Ba ɗan talla ne ya ƙirƙiro matsalar ba, ni na gan ta da idona a bakin kwazazzabo.

Sai batun laushi. Malam ya ce firam ɗin ƙarfe na shanye gargada, na alminiyum kuma na mayar wa mutum da ita a ƙugu. Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma rabinta ne gaskiya. Kusurwa-uku ita ce siffar da ba ta lotsawa, shi ya sa kafinta ke yin ta a rufin ɗaki. Bayan keke kusurwa-uku ne. In ka danna shi daga sama abin da zai lotsa bai taka kara ya karya ba. Taya kuwa tana lotsawa da milimita masu yawa a kan kowane dutse. Daga ita sai sandar sirdi, sai sirdin kansa, sai ƙafafun fok. Wanda ke son laushi, wurin da zai duba shi ne faɗin tayar da firam zai iya ɗauka. A nan kuma mafi yawan kekunan tafiya na shekarun 1970 da 1980 sun gaza: tayarsu inci 27 ce mai faɗin milimita 32, in an sa madigadi da ƙyar a ƙara wani abu. Na yau sukan ɗauki 45, wasu 50 ko fiye. Ga wanda zai bar kwalta ya shiga burji ko yashi, kamar yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukanmu, wannan kaɗai ya isa a yanke hukunci.

Gaskiya ne Faransawa sun riga kowa, da tayarsu ta 650B mai faɗin wajen milimita 40. Amma wannan hujja ce a kan Malam. Waɗannan mutane su ne 'yan zamani na lokacinsu, masu zumuɗin sabon abu. Paul de Vivie na Saint-Étienne, wanda aka fi sani da Vélocio, ya shafe shekaru yana fafutukar keke mai canjin giya tun masu tsere na yi masa dariya. Sai a 1937 gasar Tour de France ta yarda da na'urar. Herse daga masana'antar jirgin sama ya fito, ya zo da tunaninta. Nicola Barra yana walda firam ɗin alminiyum tun shekarun 1930. Daga 1934 suka riƙa shirya gasar ƙira, a saki kekuna a munanan hanyoyin duwatsu, a ba da maki ga mafi rashin nauyi, a zaftare wa wanda wani abu ya kwance ko ya karye a jikinsa. Mutanen da suka yi wannan, da a ce an miƙa musu birkin faifai da fitilar zamani, kwance su za su yi su ga yadda za a rage musu nauyi. Kuma tayar tasu ba ta mutu ba. Mutane irin su Jan Heine na Seattle, mai mujallar Bicycle Quarterly, sun tono ta, sun yi ta gwaji suna nuna cewa faffaɗar taya mai laushin gefe ba ta rage gudu a hanyar gaske, yau ga ta a ƙarƙashin sababbin kekuna. Wanda ke son keke irin na Singer yanzu, ya fi sauƙin samun kwatankwacinsa a cikin sababbi fiye da cikin gwanjon 1980.

Maganar mai walda ita ce ta fi ba ni dariya, domin kowa na faɗinta, kaɗan ne suka gwada. Bututun keken mahaifin Malam mai kauri ne, ƙarfe ne mai haƙuri, mai waldar lantarki na bakin titi zai ɗana masa wuta ya riƙe. Bututun keken tafiya mai daraja kuwa bangonsa bai kai milimita ɗaya ba a tsakiya, tun da dabarar da Reynolds ya yi wa rajista a 1897 ita ce a kaurara bakin bututu a sirantar da cikinsa. Ka kai wa mai waldar ƙofa wannan, kafin ka ce a'a ya huda shi kamar takarda. Wanda zai iya ceto ka shi ne mai waldar gas da tagulla, irin masu gyaran lagireto, in ka dace da mai sanyin hannu. Shi kuma ba ruwansa da shekarar firam: yadda zai like na 1983 haka zai like na bara, muddin ƙarfe ne. Mafi yawan kekunan doguwar tafiya na yau kuwa ƙarfe ne har gobe. Malam ya gina hujjarsa kamar duk sabon keke alminiyum ne ko zaren kabon, abin da ba haka yake ba.

Kuma ba firam ne ke yawan karyewa a hanya ba. Sifok ne, da aksul, da kariya, da taya. Tsohon wilin baya mai firiwil na ɗauri yana barin wani dogon sashe na aksul ba tare da boris ya tallafe shi ba a ɓangaren sarƙa, shi ya sa yake lanƙwashewa ko ya tsinke in kaya sun yi nauyi. Duk mai gyaran keke ya ga irinsa. Tsarin da Shimano ya yaɗa daga ƙarshen shekarun 1970 ya matsar da boris ɗin zuwa baki, cutar ta ragu ƙwarai. Sai dai sabon wili faɗinsa milimita 130 ko 135 ne, bakin tsohon firam kuwa 120 ko 126, sai an buɗe shi da ƙarfi. Taya kuma wani abin dariyar ne. Inci 27 na tsofaffin kekunan Ingila da Amurka rim ɗinsa milimita 630 ne. Wanda Jamusawa ke kira inci 28 nasa 622 ne, wato 27 ya fi 28 girma. Inci 28 na kasuwanninmu kuma 635 ne. Babu wadda ke shiga rim ɗin wata. Matafiyin da tayarsa ta 630 ta yage tsakanin Zinder da Agadas zai gane cewa tsufan keke bai sa ya zama ɗan gari ba. Wanda ya fi kusa da samun taya a ƙaramar kasuwa shi ne mai inci 26 irin na keken dutse, girman da ya shigo duniyar tafiya daga baya.

Game da sandar sama mai gangare, zan ba Malam rabin gaskiyarsa. Lokacin da Giant ya yaɗa wannan ƙira a shekarun 1990, da zanen Mike Burrows, kamfanoni sun ga riba: girma uku ko huɗu sun wadatar a inda da sai an yi takwas ko goma. Wannan ba a ɓoye yake ba. Amma abu na iya yi wa mai sayarwa rana ya kuma yi wa mai saye. Keke mai kaya in ya tsaya yana son faɗuwa, mahayi na bukatar ya dira da ƙafa biyu ba tare da ƙarfe ya same shi a inda ba a faɗa ba. Gangaren ya ba da wannan sarari, ya ba da damar ɗaga wuya don kai ya zo daidai da sirdi, ya kuma fito da sandar sirdi waje sosai, inda take ɗan lanƙwasawa ta ba da laushin nan da Malam ke nema a wurin da ba ya nan. Sannan akwai waɗanda maƙalar ta manta da su ɗungurungum: gajerun mutane, da mata. Tsohuwar ƙira da babbar taya a ƙaramin firam takan sa yatsan ƙafa ya bugi tayar gaba a kwana, ko a miƙar da bututun sirdi a kwantar da wuya don kawai taya ta samu wuri, tuƙi ya lalace. Georgena Terry a Amurka sai da ta koma sa ƙaramar taya a gaba a shekarun 1980 kafin mata su samu keken da ya zauna musu. Surly ma ƙananan firam ɗinsa da taya inci 26 ya yi su. Wanda Allah Ya ba tsawo ba zai san an yi wannan wahala ba.

Inda Malam ya yi gaskiya ba zan ɓoye ba. Birkin faifai yana murɗa ƙafar fok ta ɓangare ɗaya, dole a kaurara ta, kuma laushin nan na siririn fok mai lanƙwasa a ƙasa ya tafi ke nan. Na ji wannan rashi a tafin hannuna. Na yarda da cinikin ne saboda na taɓa rim mai zafi a Hawan Kibo, na kuma san yadda birkin roba ke zama a cikin ruwan Agusta, da yadda yashi ke cinye gefen rim har ya tsage. Gaskiya ne kuma kamfanoni sun cika kasuwa da ma'aunai barkatai, kowanne da irin aksul ɗinsa da irin cibiyar fedarsa, da birkin mai wanda in tiyonsa ya fashe a daji sai dai addu'a. Matafiyi mai hankali yakan zaɓi birkin faifai na waya, da cibiyar feda mai zare irin ta da, duka kuwa akwai su a sababbin kekuna. Abin da ya fi cancantar fushin Malam bai ma taɓo shi ba: an daina yin Dawes Galaxy a 2020, shaguna kuma sun koma tura wa mutane kekunan burji masu gajeriyar ƙafar baya da fok ɗin kabon a matsayin na tafiya. Waɗannan don jakunkuna marasa nauyi da ake ɗaurawa a jikin firam aka yi su, kuma a wannan aikin ba su da laifi. Ka sa musu mangala huɗu, diddigenka zai ba ka labari. Laifin a nan na wanda ya haɗa keke da kayan da ba nasa ba ne, irin kuskuren da ni ma na yi da tsohon nawa.

Hujjar ƙarshe da Malam ya kawo ita ce ta jarumai. Dervla Murphy ta tashi daga Ailan a 1963 ta kai Indiya a kan keke mai giya ɗaya. Heinz Stücke ya bar garinsu a Jamus a 1962 ya shekara fiye da 50 yana zaga duniya, mafi yawan tafiyar a kan keke mai giya uku. Duk gaskiya ne, zan ma ƙara masa da Olabisi Ajala, wanda ya taka keke daga Chicago zuwa Los Angeles a 1952. Amma in wannan hujja ce, to Thomas Stevens ya zaga duniya tsakanin 1884 da 1886 a kan keken nan mai ƙatuwar tayar gaba da 'yar mitsitsiyar ta baya, wanda in ya ci tuntuɓe mahayi ta ka yake sauka. Ban ji Malam ya ce mu koma wa wannan ba. Abin da labarin waɗannan mutane ya nuna shi ne taurin zuciyarsu. Kakanninmu ma sun je Makka a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, wasu shekara da shekaru a hanya, ba mu kuma ce takalmin fatarsu ya fi na yau ba.

Tsohon keken nawa yana nan, ban sayar ba. Na cire masa kariyar baya, na sa masa 'yar jaka a gaba, da shi nake fita da asuba ranar Lahadi, kuma a wannan aikin na fi jin daɗinsa a kan sabon kekena. In Malam ya amince, ranar da ya samu sarari mu haɗu a saman Hawan Kibo da kekunan biyu, da tef, da jarkar ruwa mai lita 20 ga kowanne. Shi ne babba, shi zai fara zaɓa. Ni dai na san wanda zan hau in ya bar mini zaɓi, kuma in tsohon ya faɗo a kasona zan roƙi alfarma a zubar da rabin ruwan kafin mu gangara.